Mashin ɗin Baffa Sale, shekara tara bayan rasuwarsa

A wannan makon Baffa Sale ya cika shekara tara da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ƙanin mahaifina ne, mazaunin Karaye, sana'arsa gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa. Duk ƙauyen da inji ya mutu, daga Karaye har cikin ƙasar Rogo, shi ake aika wa. Na so in rubuta yabo irin wanda aka saba, amma abin da na gano satin da ya wuce ya hana ni.

Ni a Kano na tashi, hutu ne kawai yake kai ni Karaye. Abin da na fi riƙewa game da Baffa shi ne mashin ɗinsa. Tsohon mashin ne dogo, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, yana tafe yana hayaƙi. Kuma Baffa ba ya sa ƙafa a ƙasa. Ko kwazazzabo ne, ko duwatsu, ko yashin rafi, sai ya rage wuta har ka ɗauka mashin ɗin ya tsaya, ya lallaɓa ya haye. Ya sha goya ni, ban taɓa ganin takalminsa ya taɓa ƙasa ba sai mun isa. Giya ma da hannu yake sawa, da wani rodi da ya liƙa a gefen tanki. Bai taɓa buga kik a gabana ba. Kullum a kan gangara yake ajiye mashin, in zai tafi ya sake shi ya gangara ya tashi.

Ni duk wannan na ɗauke shi a yanga. Da na fara aiki na sayi nawa mashin ɗin, sabo, mai manyan tayoyi. Ranar Lahadi mukan fita bayan gari da abokai mu hau tudu, muna kwaikwayon bidiyon mutanen ƙasashen waje da suke hawa duwatsu da mashin, wanda duk ya sa ƙafa a ƙasa an ci shi. Ba irin cika bakin da ban yi ba. Nakan ce baffana ya riga su, shi don nishaɗi ma yake yi, har da giyar hannu don ya burge 'yan kallo.

A rabon gado mashin ɗin ya faɗo wa babana, shi kuma ya ce ya bar min. Ban taɓa zuwa na ɗauka ba. Sai kwanan nan matar Baffa, Inna Hajara, ta kira ni. Bayan mun gaisa ta ce, "Nasiru, damina ta ci katangar rumfar nan, rushe ta za a yi. Ko ka zo ka ɗauki mashin ɗinka, ko ranar Asabar in kira 'yan gwangwan su kwashe. Na gaji da share masa kashin kaji."

Na hau sabon nawa na tafi. Muka tura tsohon zuwa garejin Malam Idi, bakanike, aminin Baffa tun suna samari. Ya wanke kabireta, ya canja filogi da tayoyi. Kik ɗin ya daskare da tsatsa, sai turawa muka yi. Da ya tashi, ƙarar nan ta fito, sai da Malam Idi ya juya baya ya ɗan jima yana goge hannu.

Washegari muka kai su biyun wani kwazazzabo a hanyar Jajaye, inda Baffa ya saba bi. Na fara da nawa. Danna maɓalli kawai, ya tashi. Birki kamar ya san abin da ke ranka, dutse kuma ba ka ma jin ka taka shi. Duk da haka sau huɗu na sa ƙafa kafin in haye. Na dawo na hau na Baffa. Nauyi kamar buhun masara biyu, birkin sai ka roƙe shi, girgizar har cikin haƙora. Amma in ka rage wuta ba ya mutuwa, sai ya yi ta ja a hankali kamar san noma. Matsalar rodin ce. Hannun da zai kama kuloci shi ne zai tura rodi, dole ka saki ɗaya. Ina saki, sai ga ni a cikin yashi, mashin a kaina.

Na tashi ina kakkaɓe jiki, raina a ɓace. Na ce, "Malam Idi, don Allah muna komawa a sa inji a yanke min rodin nan, a mayar da giyar ƙafa. Yangar Baffa ce, ni ba zan iya ba."

Ya dube ni ya ce, "Yanga? Kai Nasiru, duk gemun nan naka, wa ya ce maka yanga ce?"

"To mene ne, in ba ita ba?"

"Ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da ƙarfi. Bel ɗin injin niƙa ne ya kama ta, tun ba a haife ka ba. Tafiya yana lallaɓawa, amma ba ta taka giya, ba ta tare nauyin mashin. In ya sa ta a ƙasa, faɗuwa zai yi kamar yadda ka yi yanzu. Sai dai kai ka tashi da kanka."

Wallahi zama na yi a kan dutse. Na san yana ɗan ɗingishi, amma doguwar riga yake sawa kullum, kuma ni yaro ne, mashin nake kallo. Malam Idi ya nuna min bakin kwazazzabon. Ya ce in lura, tudun yana hannun dama in za ka Jajaye. Baffa yana manne masa ne don in ta ɓaci ya dafa da ƙafar dama. A dawowa tudun zai koma hagu, shi ya sa yake zagayawa ta wata hanya mai nisa. Gangarar da yake ajiye mashin a kanta ma haka. Mai buga kik da dama, a kan hagu yake tsayawa. Giya kuwa ba ya kama kuloci, da kunne yake ji, ya sassauta totur ya tura rodin daidai lokacin.

Daga nan na kira babana. Na ce, "Baba, me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa min?" Ya ce, "A faɗa maka me? Shi bai taɓa ɗaga maganar ba, mu ne za mu riƙa tallarta?" Inna Hajara kuwa cewa ta yi duk ranar da ya dawo daga ƙauye sai ta dafa ruwa ta gasa ƙafar kafin ya iya tsayuwar sallah. Ta faɗe shi kamar tana ba ni labarin farashin gishiri. Mutanen nan duk sun sani, sun yi shiru don kada wani mai inji ya ce bari a kira mai lafiya.

Na je ne da shirin in dawo in rubuta cewa tsohon mashin ya fi na yanzu, ƙarfen jiya ya fi robar yau. Yanzu ban san ta ina zan fara ba. Da Baffa zai dawo ya ga maɓallin da ake dannawa mashin ya tashi, ina jin a ranar zai yi musaya, ko waiwaye ba zai yi ba. Da ya ga roba-roban da matasa ke hawa, marasa nauyi, marasa kuloci, zai ce ina ma a zamaninsa. Abin da ban so ya gani ba shi ne mu. Samari masu ƙafa biyu lafiyayyu, muna ɗaga tayar gaba a wajen biki, muna faɗuwa muna dariya don a ɗauke mu a waya. Ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Kallonmu kawai zai yi, kuma na gwammace faɗan.

Ranar Juma'a na ce wa Malam Idi zan kai mashin ɗin Kano in wanke in ajiye a tsakar gida. Ya ce in ban ƙi ba yana da roƙo. Akwai wani tela a Falgore da hatsarin mota ya taɓa masa ƙafa, ya daɗe yana neman a yi wa mashin ɗinsa irin rodin Sale. Sau biyu Malam Idi ya gwada da ka, lanƙwasar ba ta fito ba, don Baffa da kansa ya ƙera nasa. Ya ce, "Ga shi a rumfa ina wucewa kullum, amma ta yaya zan shiga gidan abokina in ce wa matarsa zan taɓa kayan mamaci?"

Na bar masa mashin ɗin. 'Yan gwangwan ba su samu ba, tsakar gidana ma ba ta samu ba. Injinan da Baffa ya gyara yawancinsu an canja su, hanyoyin da ya bi wasu ruwa ya cinye. Abin da ya rage nasa a hannun mutane shi ne rodi guda mai lanƙwasa biyu. Da zan taho na bar Malam Idi a durƙushe yana auna shi da igiya, telan kuma, da aka aika masa ya zo, yana zaune a benci, sandarsa a jingine, yana tambaya ko za a gama kafin ranar kasuwa.

Allah ya gafarta wa Baffa Sale, ya sa ya huta.