Neman Makirfo Daga Trikania Zuwa Unguwar Boro

Tun ina aji huɗu a firamare na san aikin da nake so. A Trikania muke zaune lokacin, ɗaki biyu a gidan haya, babanmu yana aiki a masaƙa. Yana da wata rediyo mai batir huɗu wadda ba mai taɓa ta sai shi. Idan ya dawo daga aikin safe yakan zauna a benci ya kunna labarai, ni kuma in tsuguna kusa da shi da faranti kamar ina tsince shinkafa, alhali kunnena yana wurin matar da ke karantawa. Washegari sai in tara ƙannena in maimaita musu, har da yadda take ɗan dakatawa kafin ta ambaci sunan gari. Mamanmu takan ce wannan bakin nawa ko barci nake yi ba ya hutawa.

Da na shiga sakandare ni ke karanta sanarwa a coci, matan zumunta suna ta cewa muryata ta rediyo ce. Na ɗauki maganarsu da gaske, na je na yi difloma a aikin jarida. Ban daɗe da gamawa ba na ji wani gidan rediyo a ƙetaren kogi yana neman masu gabatar da shirye-shirye. Na goge atamfata ta Kirsimeti, na hau bas da sassafe na haye gada.

Wanda ya gwada mu a sashen Hausa wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya miƙo mini takarda, na karanta ba tare da na yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya cire tabarau, ya tambaye ni garinmu, na faɗa masa.

Ya ce, "'Yata, muryarki tana da daɗi ƙwarai. Sai dai Hausarki ba ta nuna ba."

Ya nuna mini inda na ce kasa maimakon ƙasa, da inda na kira mace da "ya zo". Ya ce masu sauraro ba sa yafe irin wannan, wasiƙu za su yi ta aikowa. Ya ba ni shawarar in gwada sashen Turanci. Can kuma wata Madam ta saurare ni minti biyu, ta ce Turancina yana ɗauke da sautin yarenmu, in je in gyara shi tukuna.

A bas ɗin dawowa raina ya ɓaci sosai. Da wannan Hausar da ba ta nuna ba muke ciniki a kasuwa, da ita muke addu'a da waƙa, da ita muke binne matattunmu. Mamanmu da maƙwabciyarta mutuniyar Filato ba su da wani harshe a tsakaninsu sai ita. Duk da haka ban yi zuciya ba. Na sayi littattafai, na riƙa zama da wata Hajiya mai sayar da zannuwa tana gyara mini lafazi tana dariya, har harshena ya saba. Na koma gidan rediyon sau biyu. Na farko aka ce babu gurbi. Na biyu aka ce in kawo takarda daga wani babba, ni kuwa babban da na sani duk duniya shi ne babanmu, kuma a lokacin an riga an rufe masaƙarsu, yana zaune a gida.

Sai na kama koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Sabon Tasha. Na yi aure, muka koma Unguwar Boro, na haifi yara uku. Shekaru suka yi ta tafiya.

Wata rana bayan taron iyayen yara, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya tare ni. Ya ce ya ji yadda na gabatar da taron, kuma suna kafa kwamiti don buɗe rediyon al'umma a wannan ɓangare na gari. Kafin ya rufe baki na amsa. Aka naɗa shi Ciyaman, ni sakatariya, muna haɗuwa duk Asabar a ajin da nake koyarwa, manyan mutane a matse kan bencin yara.

Ni ban jira lasisi ba. Na sayi ƙaramar rikoda na shiga gari. Na ɗauki hirar masu sayar da citta, da 'yan Keke, da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, da wata nas da ta yi bayanin rigakafin ƙyanda yadda kowace uwa za ta gane. A kwamiti kuwa, zama uku muka yi a kan sunan tasha kaɗai. Daga nan aka shiga rabon lokaci, kowace ƙabila tana son awarta, kuma ba mai yarda a sa tasa da tsakar rana. Takardunmu su tafi Abuja su dawo, a ce akwai wadda ba a haɗa ba. Mutane suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. A shekara ta huɗu Baba Ciyaman ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka mayar da shi ƙauye. Asabar ɗin da ta biyo baya ni kaɗai na zo. Na zauna awa guda, na kulle ajin na tafi.

Bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa ya buɗe tasha tasa ta kansa a saman wani bene. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitinmu ya kai sunana, aka kira ni. Manajan sa'an ƙanena ne, Momi yake ce mini. Ya saurari abin da na ɗauko, ya yaba, sannan ya ce matasa kiɗa suke so da Turanci, amma zai ba ni minti goma sha biyar duk Laraba da hantsi. Na roƙi hedimasta ya sauya mini darasin wannan lokaci, ya yarda.

Ranar farko da jar fitilar ɗakin watsa shirye-shirye ta kama, na matso kusa da makirfo na gaishe da masu sauraro. Na sa hirar matan da ruwan kwata ke cika musu shaguna duk damina. Kafin in gama waya ta fara ƙara. Wata tsohuwa ta kira daga Trikania, ba ta da tambaya, ta ce ita dai ta ji ana magana irin tasu ne a rediyo, shi ya sa ta sa aka buga mata. Na koma makaranta ranar kamar ba a ƙasa nake tafiya ba.

Mako shida na yi. A na bakwai na shirya hirar wata mai sayar da doya a kasuwar Sabon Tasha, bazawara daga Binuwai wadda da doyar nan ta kai 'ya'yanta biyu jami'a. Na iso da wuri, na tarar da wani mutum a kujerata ya jera kwalabe a gabansa, yana gwada makirfo. Mai maganin basir ne, ya sayi lokacin na wata uku.

Na sami manaja a ofis. Bai iya kallon idona ba. Na tambaye shi ko shirin ne bai yi kyau ba, ya ce a'a, babu shirin da ake kira a cikinsa kamar nawa. Na ce to me ya hana a ba ni wani lokaci, ko da minti goma ne.

Ya ce, "Momi, kin san yadda abin yake. Janareta ba ya jin Hausa, dizal yake ji."

Ya yi alkawarin zai kira ni idan an sami sarari. Yau ana neman shekara biyu, mai maganin yana nan, har an ƙara masa ranar Juma'a.

Yanzu da waya nake ɗaukar hira in tura wa ƙungiyoyin coci da na unguwa. Babbar 'yata tana cewa ai duk ɗaya ne da rediyo. Ba na yi mata musu, amma na san waɗanda nake so su ji, yawancinsu ba su da babbar waya, kuma ba za su sayi data don su saurare ni ba.

Kwanan baya na bi ta rumfar mai doyar nan. Na daɗe ina kauce wa layinsu, amma ranar ta hango ni ta kira ni. Ta tambaye ni yaushe za a sa maganarta. Na gaya mata gaskiya, sannan na ciro waya na kunna mata. Ta kara a kunne cikin hayaniyar kasuwa, ta saurara har ƙarshe, tana murmushi idan ta ji dariyar kanta. Da ta miƙo mini wayar sai ta ce, "Ya yi kyau, Malama. Amma ni a rediyo na ce wa mutanena su saurara, kuma har yau suna tambayata."

Na mayar da wayar cikin jaka. Na zaɓi doya biyu, ta ƙara mini wata ƙarama, na fita bakin titi na tsayar da Keke.