Ƙarshen Tatsuniyar da Na Je Nema a Fagam

Cikin shekarun da na yi ina aiki a gidan rediyo, akwai mako guda da ba na jin zai taɓa fita daga raina, makon da na yi wa masu sauraro alkawarin kawo musu ƙarshen wata tatsuniya.

A lokacin ina gabatar da wani shiri duk ranar Asabar da hantsi, inda muke buɗe layi masu kallon finafinai su faɗi ra'ayinsu. Sai wasu matasa a Birnin Kudu suka ɗauki wata tsohuwar tatsuniya suka mai da ita fim, aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Labarin wata yarinya ne da saniyar mahaifinta ta ɓace, ta bi sawunta har cikin wani kogon dutse. A can ta tarar da fili mai ciyawa da ruwa, da wani saurayi da ke kiwon duk dabbar da ta taɓa ɓacewa. Har nan babu mai gardama. A fim ɗin, yarinyar ta koro saniyar gida, ita kuma ta zauna ta auri saurayin, aka rufe da waƙa a bakin rafi.

Wadda ta fara kira wata malamar makaranta ce daga cikin garin Birnin Kudu. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Malam, an cuce mu. Yarinyar da ta shiga dutse ita kaɗai, ko gezau ba ta yi ba, ita za a ce ta ga namiji ta manta hanyar gidansu? A tatsuniyar gaskiya igiyar saniyarta ta kama ta fito, ko waiwaye ba ta yi ba."

Tana ajiyewa wata mai ɗinki ta kira daga Gwaram. Ta ce, "A gaya wa Malama ta tsaya ga allo da alli. Aure kam an yi shi. Inda 'yan fim suka yi ɓarna shi ne zaman kogon. Ita ta fito da shi ta kai shi gaban babanta. Mace ce za ta tare a rami sai ka ce gafiya?"

Daga nan layi ya rikice. Wani ya rantse saurayin aljani ne, don haka maganar aure ma ba ta taso ba. Wata ta ce in babu soyayya me za a kalla, saniya? Wani dattijo daga Sundimina ya ce shi damuwarsa ɗaya ce, a ina yarinyar ta samu jan baki a cikin kogo.

Ni a ɗakin labarai aka rene ni. Abin da aka koya mini shi ne kowace magana tana da tushe, in ka bi ta a hankali za ka kai gare shi. Saboda haka na ce, cikin natsuwar da nake alfahari da ita a wancan lokacin, "Jama'a, a kwantar da hankali. Asabar mai zuwa zan kawo muku ainihin ƙarshen tatsuniyar nan daga inda aka samo ta." Nan take Malama ta sake kira ta ce in ita ce ta yi kuskure za ta nemi gafara kowa yana ji. Mai ɗinki ma ta ce ta yarda da haka. Sai bayan an kashe makirufo na fahimci abin da na ɗauko: mutum biyu sun sa mutuncinsu a kan maganata, ni kuma ban ma san inda zan dosa ba.

Wanda ya shirya fim ɗin ya gaya mini cewa a bakin wata tsohuwa ya ji labarin, a wani ƙauye kusa da Fagam. Ranar Laraba na shiga mota zuwa Gwaram, na ƙarasa a kan babur. Na same ta a gindin bishiya a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na fito da rikoda, na gaya mata abin da ya kawo ni.

Ta kalli rana, ta kalle ni. "Ɗan nan, da girmanka? Ana tatsuniya da rana?"

Na ce, "Inna, ba duka nake so ba. Ƙarshen kawai za ki gaya mini."

Ta ce, "Ƙarshen wa?"

Na ɗauka ba ta ji ni da kyau ba ne, sai na kunna mata muryoyin masu kiran nan biyu. Tun Malama ba ta kai rabin maganarta ba tsohuwa ta fara dariya, da mai ɗinki ta shigo kuwa har ta ajiye kwaryar gyaɗa. Ashe dukansu jikokinta ne, 'yar wa da 'yar ƙani, akwai shekaru da dama tsakaninsu, kuma kowacce a ɗakinta ta ji tatsuniyar. Babu wadda ta ga dacewar ta faɗa mini haka.

Na ce, "To wacce ta riƙe daidai?"

"Dukansu. Ita babbar, Malamar taku, tana ƙarama, in ka aike ta sayen gishiri ta haɗu da masu wasa, sai dai a ci tuwo lami. Sai na ce mata yarinya ta kama saniyarta ta wuce gida. Ƙaramar kuwa ɓoyo ne halinta, ko goriba aka ba ta sai ta shige bayan rumbu. Ita na ce mata yarinya ta kawo abin da ta samo gaban babanta."

"Mai fim fa?"

"Wannan yaron tun da ya zauna wayarsa ke kuka, yana dubawa yana murmushi shi kaɗai. Na ce wannan in na raba masa yarinya da saurayin, kwanciya zai yi."

Rikoda tana ta juyawa. Na zo neman tushe ɗaya, ga shi tushen da kansa ya ba ni amsa uku. Amma ina da sauran tambaya guda da nake ganin ita za ta fid da ni. Na ce, "Inna, mu bar naki. Ke da aka gaya miki, yaya aka ƙarasa?"

Ta jawo kwaryar, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce kakarta ce mai yi musu tatsuniyar, kuma tana da jan magana, kowace saniya a kogon nan sai ta faɗi launinta. "Ni kuwa da mun wuni a gona, ana kaiwa wajen saurayin nan barci ya ɗauke ni. Har Allah Ya karɓi abarSa ban taɓa jin ƙarshen ba. Da na haifi nawa suka tsare ni, sai na duba fuskarsu na ƙarasa."

Ban san lokacin da na iso Birnin Kudu ba. Kwana biyu ina rubuta abin da zan faɗa ina yagawa. In na ce Malama ce da gaskiya na yi ƙarya, in na ce mai ɗinki ce na yi ƙarya, in kuma na ce 'yan fim sun ɓata labari, da me zan auna? Har na yi tunanin in ce tsohuwar ba ta da lafiya ban samu ganinta ba. Na ji kunyar kaina da wannan tunani.

Ranar Asabar na buɗe shiri na ce, "Na yi muku alkawarin abin da ban samo ba. Ga abin da na samo." Na saka muryar tsohuwa daga farko har ƙarshe, ban yanke ko dariyarta ba. Da ta ƙare, na buɗe layi.

Sai Malama ta kira, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, wato maganar gishirin ma sai da ka saka?" Mai ɗinki ta biyo bayanta ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ni ma an kai ni bayan rumbu. Amma dai nawa ya fi daɗi." Babu wadda ta nemi gafara, ni ma ban tuna musu ba. Wasu masu sauraro sun ce na kauce wa hukunci, kuma ban musa ba.

Har yau ban san ko yarinyar nan ta fito daga kogon ba, kuma ban tabbata akwai wanda ya sani ba. Abin da na koya shi ne kada in yi alkawarin amsa kafin in bincika ko tambayar tana da ita. Idan kuma na ji mutum yana kumfar baki wai an ɓata masa jarumar tatsuniya a fim, na daina tambayarsa yadda labarin yake. Tambayarsa nake wa ya gaya masa, kuma wane irin yaro ne shi a lokacin.