Ranar da Nicomedes Ya Ce wa Likita Lafiyarsa Ƙalau

A cikin masu saran rake na garin Puerto Tejada babu wanda bai san Nicomedes Lucumí ba. Ni kuwa sanin da na yi masa ya wuce na kowa, domin layi ɗaya muka taso, kuma ni na riƙe 'yarsa ta fari ranar da aka yi mata baftisma. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ga baki. In yana gona tun daga nesa za ka san inda yake, ko dai ka ji waƙa, ko ka ji yana tsokanar wani. Galibi ni ne wanin.

Da nauyin abin da ka sara ake biyan mu, saboda haka gasa ba ta ƙarewa. Shekarar da abin ya faru, gasar da ke tsakanina da shi ta yi zafi har ma'aikata suka rabu gida biyu. Ran Asabar in an faɗi awon kowa, sai ya zo ya dafa kafaɗata.

"Evelio, mutumina, saran raken ka zo yi ko aski kake masa?"

"Bari mako mai zuwa ya zo."

"Haka ka ce wancan makon."

Wata rana da damina, tirelar da ke kwasar rake ta zame a laka, ta matse shi jikin wata. Ƙashin ƙugunsa ya karye, yatsu uku na hannun dama suka tafi. A birnin Cali aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Ya tashi, amma da sanda, kuma hannun da ya fi shekara ashirin yana riƙe adda ya koma ko cokali sai da dabara.

Da jinya ta ƙare aka kira shi awon likita. Duk mai saran rake ya san lissafin nan. Likitocin inshora za su duba ka, su faɗi kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin aikinka ya tafi. In bai kai hamsin ba, a sallame ka sau ɗaya, shi ke nan. In ya kai hamsin, kuma a wurin aiki abin ya same ka, kana da fansho duk wata, kashi sittin cikin ɗari na albashinka. In ya haura sittin da shida, a ba ka saba'in da biyar.

Ni na raka shi, domin matarsa Leonila tana dafa wa 'yan makaranta abinci, ba ta samu fita ba. Tun da ya fito daga gida na san akwai magana. Farar riga mai maɓallai, farin takalmi, ga turare kamar mai zuwa biki. Da muka isa ƙofar ofishin ya leƙa, ya ga likitar mace ce, budurwa. Sai ya miƙo mini sandarsa.

"Riƙe min wannan."

"Kai, Nico, kana da hankali kuwa?"

"So kake yarinyar nan ta gan ni kamar kakanta? Riƙe, na ce."

Ya ciji leɓe ya shiga a miƙe kamar soja. Da ya fito gumi ya jiƙa masa riga, ya warce sandar ya zube kan benci, amma fuskar nan sai walƙiya.

"Ta tambaye ni ko ina iya hawa bene," in ji shi. "Na ce mata da gudu."

"Wanka fa? Sa kaya?"

"Ni kaɗai. Na ce mata in da akwai kiɗa a nan da ta ga abu."

Sakamako ya fito: arba'in da huɗu.

Leonila ba shi ta fara tarewa ba. Gidana ta zo, da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban baftisma, kai ka raka shi. Me ya gaya musu?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Duk wanda ya san Leonila ya san ba a ɓoye mata abu, sai na faɗa. Ta juya ta tsallaka titi, ni kuma na bi bayanta don kada a yi kisa. Yana zaune a baranda yana sauraron ƙwallo a rediyo.

"Da gudu, ko? Kai? Mutumin da ni ke sa masa safa?"

"Nila, saurara mana..."

"Farar rigar da ka je ka yi wa likita yanga da ita, wa ya ɓalla maka maɓallanta? Tashi ka yi min gudun nan in gani, tsohona. Daga nan zuwa shagon burodi kawai."

Maƙwabta sun riga sun fito, kowa na riƙe ciki. Shi ma sai ya fashe da dariya, ita ma ta kusa, amma ta daure.

Doña Mariela ta ƙungiyar ma'aikata ta ce akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa kwamitin likitoci na yanki, in an yi da wuri. Aka yi. Kafin ranar ta zo, duk unguwa ta zama lauya. Don Arcesio mai gyaran keke ya ce zai aro masa keken guragu, ya shiga a ciki yana rawar jiki. Wata ta ce ya yi kamar ba ya ji da kunne ɗaya. Leonila ta kore su duka.

"Ba wata ƙarya za mu ƙara ba," ta ce. "Wadda ya yi za mu je mu cire."

Wannan karon ita ta raka shi, kuma ita ta ba ni labarin abin da ya gudana a ciki. Wani likita dattijo mai furfura ya gama duba hotunan ƙashi, ya ce, "Don Nicomedes, kwance igiyar takalminka ka sake ɗaurewa."

Ya sunkuya, ƙugu ya ƙi. Ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Da ƙyar ya kamo igiyar da yatsu biyun da suka rage, ta suɓuce. Ya sake kamowa, ta sake suɓucewa. Leonila ta ce sai da ta zauna kan hannuwanta don kada ta kai masa ɗauki. Can ya saki igiyar ya ɗago.

"Likita, ba na iyawa. Tun da na fito asibiti ban ɗaura ba. Ita ke yi. Ita ke cuɗa min baya, ita ke yanka min nama a faranti. In na daɗe a tsaye ƙafar nan mutuwa take."

"To me ya sa ka ce wa abokiyar aikina kana hawa bene da gudu?"

"Ba ka san ni da ba, likita. Babu wanda ya taɓa wuce ni a gona. Na kasa furtawa ne."

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce mazan gona da yawa haka suke zuwa masa, ya ci gaba da tambayoyinsa, Nico kuma ya amsa kowace gaskiya da gaskiya. Da suka fito, Leonila ta durƙusa a bakin titi, a tsakiyar Cali, ta ɗaure masa igiyar. Ta ce suna shiga mota ya ce yunwa yake ji.

An ɗan jira, sannan sakamako ya zo: hamsin da takwas.

Muka ɗunguma ofishin Doña Mariela don ta gaya masa abin da zai riƙa samu. Ta ce tun da haɗari ne, albashinsa na watanni shida kafin ranar za a haɗa a raba, a ba shi sittin cikin ɗari na abin da ya fito. Ta duba ta sake dubawa, ta cire tabarau.

"Don Nico, me ya shiga jikinka a watannin nan? Ban taɓa ganin ka sari rake haka ba."

Ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Watannin gasarmu ne. Ya doki tebur da hannun hagu yana dariya har da hawaye.

"To ai ka ga ina da kaso," na ce. "Ni na kora ka. Da ba ni a bayanka da ba ka yi wannan saurin ba."

"A bayana dai, ka faɗi gaskiya! Doña Mariela, ki zama shaida, da bakinsa ya ce a bayana yake."

Ran Lahadi aka rufe layinmu da kujeru. Aka gasa kaji, aka soya agada, aka fito da manyan lasifikoki. Kasona kuwa ya biya ni a gaban jama'a: cinyar kaza guda, wai sittin cikin ɗari na abin da na cancanta. Ya yi rawa da Leonila, hannu ɗaya a kafaɗarta, ɗaya kan sanda, ƙafafu ba sa zuwa ko'ina amma kafaɗu na aiki. Waƙa biyu ya yi ta zaunar da shi, bai yi musu ba.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. In hadari ya haɗu ƙarfen ƙugun nan yana gaya masa, kuma akwai ranakun da ba ya son ganin kowa. Amma ya gyara ɗan filin da mahaifiyarsa ta bari a bakin kogi, ya sa surukinsa ya dasa koko da agada, shi yana zaune kan kututture yana ba da umarni. Ya koyi aski da hannun hagu. Kuma tun da Leonila na fita aiki shi yana gida, sai ya shiga kicin, abin da a da ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba. Shinkafarsa ta farko kaji ma sun ƙi ta.

Makon jiya ya aiko a kira mu, wai ya dafa sancocho, romon kaza da rogo, shi kaɗai. Rogon ya yanka manya-manya ba tsari, kazar kuwa ta dahu lugub. Ya tsaya a kanmu da ƙyallen goge hannu a kafaɗa yana jiran hukunci. Leonila ta cinye kwano ɗaya, ta miƙa masa ya ƙara, sannan ta ce gishiri ya yi yawa.