Kwabon da Sundus Ta Goge

Haladu mai sayar da dabino a gindin dutsen Uhudu yana da wata cuta da ba ta jin magani, wato tara tsofaffin kwabbai. Mu maƙwabtansa mun daɗe muna tsokanarsa, wai mutum da furfurarsa yana lallaɓa kuɗin da ko ruwan sha ba za su saya ba. Shi dai sai murmushi.

A gwangwanin alawa yake ajiye su, kowanne naɗe cikin auduga. Sarkinsu shi ne wani kwabon tagulla na Amurka, santi ɗaya, wato ɗaya bisa ɗari na dala, bugun 1803, wanda wani tsohon alhaji daga can ya ba shi musayar tsohon kuɗin Hijaz. Kan wata mace ne a jiki. Ya yi duhu kamar dabinon ajwa, kuma a wurin masu wannan harka, duhun nan shi ne darajarsa.

Abu ɗaya ke cin ran Haladu: ba mai karɓar gwangwanin nan bayan ransa. 'Yarsa Sundus, haifaffiyar nan, ɗalibar jami'a, ko kallon gwangwanin ba ta yi. In ya ɗauko mata labarin kwabbai da Hausa, sai ta ce "tayyib", wato "to" da Larabci, ta koma kan wayarta.

Ranar jajiberin Sallah, mata na goge butocin gahawa da lemun tsami da gishiri, sai tausayin kwabon nan mai duhu ya kama Sundus. Ta murje shi tas har ya koma ja, ta kawo wa uban a tafin hannu tana jiran yabo.

Ina zaune a wurin, kuma wallahi na tausaya masa. Duhun shekara ɗari biyu ta wanke, yawancin darajar ta bi ruwa. Amma wannan ne karo na farko da ta taɓa gwangwanin, ya kuma san in ya yi faɗa, shi ne na ƙarshe.

Ya haɗiye abin, ya gode mata, sannan a hankali ya bayyana mata dalilin da ba a goge su. Kunya ta rufe ta, ta shiga juya kwabon. Can ta tambaya, da Hausarta mai ɗingishi:

"Baba, wannan matar wace ce?"

Haladu ya matsa mata wuri a kan tabarma, ya jawo gwangwanin.

Yanzu ita ke sauya musu auduga duk Juma'a. Jan kwabon nan kuwa, an sha tambayar Haladu ko zai rabu da shi. Cewa yake duk gwangwanin babu wanda ya kai shi.