Kwalin Goggo a Kwanakin Dokar Hana Fita

Akwai wata ƙara da sakatar ƙofar ƙarfe take yi idan sanyi ya kama ta, wani ɗan kuka mai tsawo kafin ta faɗa raminta. Shekaranjiya da safe maƙwabcina ya ja tasa ina tsakar gida ina ɗauraye kofuna. Sai na tsinci kaina a tsaye da kofi a hannu, zuciyata ta koma gidanmu na Unguwar Kanawa a Kaduna, shekarar da aka kulle mu ciki da rana tsaka.

Gidan ba babba ba ne. Ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, shi ne na farko in ka fito daga zaure. Sai namu, sai na Goggo, ƙanwar Baba, wadda take ɗinki a bakin ƙofarta. Baba ma'aikacin gwamnati ne, ofishinsu yana can ƙetaren kogi, kullum da safe a kan babur yake tafiya. Ni ina ajin ƙarshe na firamare, Yayata kuma tana sakandare.

A gidanmu lokacin sanyi shi ne lokacin karatu. Tsakar gida ba ta zaunuwa, ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara, kowa ya shafa man kaɗanya a faso ya shige ɗaki. A nan ne Goggo take jawo wani kwalin sabulu daga ƙarƙashin gadonta, cike da littattafan Hausa, wasu nata, wasu na haya daga wani shago a Abakpa. Ita na ban tsoro take so: aljanu, matsafa, gidajen da ba a kwana cikinsu. Yaya kuwa na 'yan fashi da 'yan sandan ciki take nema, inda ake bin sawu ana harbe-harbe. Kullum suna cikin musu. Yaya ta ce na Goggo tatsuniya ce da aka sa wa riga, Goggo ta ce na Yaya gudu ne kawai ba inda za a je. Kaka in ta ji su sai ta taɓe baki, ta ce duka ƙarya ce aka yi wa bango.

Ranar da abin ya faru Baba ya fita kamar kullum, da rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani. Kafin azahar muka ji gudun mutane a layi, ana rufe shaguna da ƙarfi. An sallame mu daga makaranta tun da hantsi ba a gaya mana dalili ba. Can rediyo ta ce rikici ya ɓarke a gari, an sa dokar hana fita ba dare ba rana. Umma ta tsaya a zaure tana leƙen hanya har sai da motar soja ta shigo layin, sannan ta ja sakata. Baba bai dawo ba. Lokacin ba wayar hannu, ba wanda za ka tambaya.

Mai karatu, in ba a taɓa kulle ka a gidanku ba, da wuya ka san yadda gida yake ƙanƙancewa. Katangar da na saba gani ta ƙara tsawo. In ka tsaya kusa da rijiya ka ɗaga kai, hayaƙi kake hangowa ta kudu, baƙi, yana tashi a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Gawayi ya fara ƙarewa, don haka aka daina hura wuta ɗaki-ɗaki, muka tattaru duka a ɗakin Kaka gaban kasko ɗaya. Tuwo da miyar kuka ba nama, safe da yamma. Zakaran maƙwabta bai fasa cara ba, ni kuwa haushinsa nake ji.

Umma takan shiga kicin ta yi kukanta ta fito da jajayen idanu ta ce hayaƙi ne. Kaka ba ta da wannan damar. Baba ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, kuma ko a wannan halin kunya ba ta bar ta ta tambaye shi kai tsaye ba. Sai dai ta ce, an ji motsin mutanen ofis kuwa? A ce mata a'a, ta ci gaba da jan carbi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne goro. Kaka da ba ta wuni ba ta ɓantari goro ba, ga shi nan a ƙulle cikin tsumma kusa da matashinta, ba ta ko dube shi ba.

Wata rana bayan azahar shiru ya yi yawa a ɗakin, ba ka jin komai sai ƙarar carbi. Kaka ta dube ni ta ce, "Ke, ɗauko ƙaryar nan taku ki karanta mana."

Yaya ta riga kowa, ta miƙo mini nata. Na fara karantawa a hankali, ina tuntuɓe da kalmomi. Labarin wani direba ne da aka tare a hanya, aka fito da shi daga mota, ana tambayarsa ko shi wane ne. Ina daidai wurin da aka ɗora masa bindiga a kunne sai muka ji harbi na gaske daga wajen babban titi. Umma ta ce in rufe shi. Yaya ta karɓe littafin ta cusa ƙarƙashin tabarma.

Kaka ta ce, "Kawo na aljanun. Shi aljani in ka yi masa addu'a tafiya yake yi. Mutum kuwa…" Ba ta ƙarasa ba.

Haka muka shiga littattafan Goggo. Na farko labarin wata mai sayar da atamfa ne da ta kama hayar gida mai tsohuwar rijiya, kullum da rana tsaka sai ta ga wata doguwar mata tana jan ruwa ba guga a hannunta. Tsigar jikina ta tashi, na matsa jikin Goggo. Kaka kuwa gyara ta kama yi wa marubucin. Ta ce wannan yaron bai taɓa zama da tsofaffi ba, ai aljana ba ta sallama, kuma ba ta tsayawa yi wa mutum dogon bayani kafin ta shaƙe shi. Da aka zo inda bokan da aka kira ya ruga ya bar takalmansa, sai da ta yi 'yar dariya, ta farko tun da aka rufe ƙofa. Na ɗaga kai na ga Umma a tsaye bakin labule da ludayi a hannu tana saurare.

Sai da na girma na gane abin da muke nema a cikin waɗannan shafukan. Tsoron da yake cikinsu yana da iyaka. In ya yi yawa sai in rufe littafin, in ga kasko, in ga ƙafar Kaka da lalle, numfashina ya dawo. Wanda yake bayan katanga ba mai iya rufe shi.

Da aka ɗan sassauta dokar, wani maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya tafi neman labari, soja suka koro shi tun kafin ya kai gada. A ranar ce aka kawo gawar wani saurayi na bayan layinmu, muna jin kukan mahaifiyarsa ta kan katanga. Na ajiye littafi, Kaka ta ce in ci gaba. Na ci gaba. Na yi tsallaken shafi guda da gangan don in ga ko za ta lura. Ba ta lura ba. Idanunta suna kan labulen ƙofa.

Da hantsi ne aka ƙwanƙwasa, wata safiya mai tsananin sanyi. Umma ta buɗe, sai ga Baba, ba babur, ba hula, cikin wata riga da wando da ba nasa ba, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Wani abokin aikinsa ne, Kirista, ya ja shi gidansa ranar da abin ya ɓarke, ya ɓoye shi a ɗakin ajiya bayan buhunan masara. Matar mutumin tana turo masa abinci ta ƙarƙashin ƙofa. An zo an tambaya, mutumin ya rantse ba kowa. Da hanya ta yi dama-dama shi ya rako shi da ƙafa har wurin soja.

Muka rufe shi da kuka, Goggo har tana zama a ƙasa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya gaishe ta. Ta dube shi sau ɗaya, ta kawar da kai wajen bango, ta ce a ba shi ruwan zafi. Jim kaɗan ta kwance tsumman nan ta ɓantari goro.

An ɗage doka, kowa ya fita, amma Baba ya daɗe bai fita ba. Ya wuni a ɗaki, taga a rufe, ko masallacin layi sai an yi da gaske. Wata rana ina share ɗakin Kaka yana zaune, na ɗaga tabarma littafin Yaya ya fito. Ya karɓa ya buɗe tsakiya, ya karanta kaɗan, inda jarumin yake ɓoye a wani sito yana ƙulla dabarar kuɓuta. Ya mayar mini ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ɓuya ba. Mai ɓuya ba ya dabara. Ni tari kawai nake roƙon Allah kada ya kama ni." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan game da kwanakin. Daga baya ya nemi a sauya masa ofis zuwa wannan ɓangaren kogin, aka sauya masa.

Yanzu ina zaune a Kinkinau da iyalina. Kaka da Baba da Umma duk sun riga mu gidan gaskiya, Goggo idonta ya yi rauni, ba ta ɗinki ba ta karatu. Shagon Abakpa ya zama wurin cajin waya. Garin ma ya sauya zama, kowa ya tattara ya koma ɓangaren da yake ganin nasa ne, har akwai unguwannin da na sani a da waɗanda yanzu sai dai in wuce su a mota. 'Yata ta fari a waya take karatu, in sanyi ya shigo ta ƙudundune cikin bargo sai hasken fuskarta kake gani. Irin na Yaya take so, amma na manyan biranen duniya masu nisa. Kwanan baya na ce ta gwada namu na gida mana. Ta ce ba sa burge ta, wai ai Kaduna ba abin da yake faruwa a cikinta. Na gyara mata bargon, na ce Allah ya sa har ta tsufa haka za ta riƙa cewa.