Ranar da Ba Kalumba Ya Yabi Mai Cin Ɓera

Ba Kalumba Nkole, wanda duk unguwar Wusakile ke kira Bashi Mwaba, wato baban Mwaba, da yatsu goma aka haife shi kamar kowa, amma in ka ji labarin daga bakinsa sai ka rantse goma sha biyar ne. Yana ɗan shekara tara ya huda galan ɗin man girkin babarsa, da sauran mai a ciki, ya ɗaura masa wayar birkin keke ya ce jita ce. Dukan da ya sha ranar, in ji shi, shi ya koya masa kiɗa, don tsohuwar ba ta saɓa tsari: uku a baya, ɗaya a ƙeya.

Da ya zama saurayi suka kafa ƙungiya su huɗu, da wanduna masu faɗin ƙafa da ke share titunan Kitwe kyauta. Wani Bature da zai bar aikin haƙar jan ƙarfe ya bar masa wata 'yar amfilifaya, akwatin ƙara wa jita murya, mai ƙwan gilashi a ciki, ƙarfinta wat biyar kacal. Mutane suka yi ta dariyar ƙanƙantarta har ranar da suka ji ta. Irin wannan akwati ba ya sakin murya sai an murɗa shi ya ƙure, ƙwayayen sun yi ja. Mai wat ɗari in ka ƙure shi sai maƙwabta su yi ƙaura. Mai wat biyar kuwa ka ƙure shi a ɗaki, ya yi ta gurnani kamar zakin da aka taka wa wutsiya, kwanon rufi na nan daram.

Shekara shida suka yi tashe, sannan ƙungiya ta watse. Ba Kalumba ya yi aure, ya sauka ramin haƙa, ya yi shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da fansho da kunne ɗaya. Na hagun ya bar wa injin fasa dutse. Akwatin kuma wani ɗan uwa ya ara don zaman makoki, har yau ana makokin.

Ana nan sai jikarsa Kasuba ta tashi aure, ta ce atafau da kiɗan kakanta za ta shiga zauren biki. Ya ce to, da ƙarfi, a gaban mutane. Da ya koma ɗaki ya ɗauko jita, sai ya tarar yatsun sun tsufa ba su gaya masa ba. Ya sani sarai in ba tsohuwar muryar nan mai gurnani ya samu ba, wadda ke lulluɓe kuskure kamar bargo, dangin ango za su ji duk inda ya yi tuntuɓe. Saura mako biyu.

'Yarsa Mwaba ta gano kamfanin da ya ƙera tsohon akwatin ya sake fito da irinsa, sabo fil, da tambari da komai. Ta karɓo ɗaya daga wani kanti a Ndola, a kan in bai yi ba, za ta mayar ranar Litinin. Sai dai ta yi kuskure ɗaya: ta ce wai Ba Lazaro Jere, mai gyaran rediyo a kasuwar Chisokone, shi ma yana ƙera irinsa da hannu.

To, Jere Bangone ne daga Chipata, Ba Kalumba kuwa Babembe, ƙabilu biyu da tsakaninsu sai wasan taubasai. Shekara hamsin suna tare, ɗaya bai taɓa ce wa ɗaya ko rigarka ta yi kyau ba. Yabon juna abin kunya ne da za a kai har ƙauye. Ba Kalumba ya tafi kasuwa takanas don ya zage shi.

"Kai mai cin ɓera, an ce ka fara satar fasahar Turawa."

"A'a, mai cin biri ne da kansa? Juyo min da kunnen dama, kada in ɓata zagina a mataccen kunne."

"Akwatinka na katakon tumatir zan kai bikin jikata?"

"Ai ko an rufe maka shi da na kamfanin da zani ba za ka bambance ba."

"Ni? Tarin wannan akwatin ma na sani."

Haka aka sa rana. Asabar da hantsi aka jera akwatunan biyu a ƙofar shagon Jere, matar Ba Kalumba, Bana Mwaba, ta kawo zani ta lulluɓe su. Masu sayar da kapenta, ƙananan busassun kifi, suka bar tirensu, masu turin baro suka faka. Rabin Kitwe ta hallara, sauran rabin kuma ta aiko a ba ta labari.

Mwaba ta cusa wayar jita a na farko. Ba Kalumba ya juya kunnen dama, ya kaɗa. Sauti ya fito tas, mai daɗi, mai ladabi, kowace tsirkiya da muryarta. A layi na uku yatsansa ya zame, kowa ya ji.

"Cire, cire," ya ce. "Wannan na Jere ne. Ji shi kamar ɗan mawaƙan coci da aka yi wa wanka da safe. Ba ƙashi a jikinsa."

Jere ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Aka cusa a na biyu. Bugu ɗaya, abin ya yi wani gurnani mai ɗan kakari a ƙasansa, kamar tsohon da ya share maƙogwaro zai yi magana. Ba Kalumba ya tsaya cak. Ya sake kaɗawa a hankali. Sai ya rufe ido, ya tafi. Yatsu suka yi tuntuɓe sau biyu sau uku, gurnanin ya haɗiye. Wata mai kapenta da ta kai shekara saba'in ta ɗaure ƙugu ta shiga fili. Bana Mwaba ta juya baya tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Da ya gama ya miƙe, ya dafa akwatin ta saman zani.

"Ku ji aikin masu ilimi. Hannun da ya ƙera wannan, Allah ya yi masa albarka har jikoki. Injiniya ne ɗan injiniya. Da zan gan shi yau, gwiwa biyu zan durƙusa in tafa masa hannu."

Mwaba ta yaye zani. Akwatin ba tambari, ba fenti, a gefensa ma da ragowar rubutun kamfanin sabulu.

Jere ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya miƙe ƙafafu. "Ga ni. Ƙasar a share take."

Kasuwa ta ɗauka. Aka ce har direbobin tashar mota sun jiyo ihun.

"An sauya wayar," in ji Ba Kalumba.

"Ba Tata, ni na cusa," in ji Mwaba.

"To yaya aka yi ɓarawon nan ya san muryar da kamfanin da kansa ya manta?"

"Kamfani bai taɓa saninta ba," in ji Jere. "Ka tuna shekarar da ka kawo min tsohon akwatinka in sauya masa ƙwai? Da na buɗe baya, sai na ga ɓera ya ci takardar lasifikar, rami ya kai yatsa biyu. Na so in liƙe, na kunna na ji, na mayar da murfi na yi shiru. Su sun kwaikwayi akwatin yadda ya bar hannunsu. Ni na kwaikwaye shi yadda ɓera ya bar shi. Reza na sa, daidai wurin. Shekara shida ana tafa maka, ashe ɓera ake tafa wa."

"Shi ya sa ka gane aikinsa, ɗan uwanka ne," in ji Ba Kalumba, amma ba ƙarfi a maganar. Ya yi ƙasa da murya. "Naɗe min shi."

"Ba na sayar wa wanda ya sa min albarka. Da wane ido zan koma Chipata? Ka janye. Zage shi tukuna."

Ba Kalumba ya dubi akwatin. Mutumin da zai iya zagin Bangone daga safe har la'asar bai maimaita ba, ya buɗe baki, ya rufe. Ya zagaya ta baya, ya leƙa ƙwayayen da ke ja har yanzu.

"Katakon..." ya ce. "Katakon yana warin sabulu."

"Shi ke nan?"

"Jere, bikin jikata ne."

Jere ya ɗan dube shi, ya tura akwatin da ƙafa. "Ɗauki tsiyarka ka ba ni wuri, kana kore min masu ciniki."

Akwatin a ƙasa yake, bayan Ba Kalumba kuma ba ya lanƙwasuwa tun zamanin rami, dole sai da ya sa gwiwa biyu a ƙasa kafin ya ɗauka. Jere na da shaidu arba'in cewa durƙuson gaisuwa ne. Ba Kalumba na da arba'in da ɗaya cewa ɗaukar kaya ne kawai.

Ranar biki Kasuba ta shigo zaure da rawa, tafiyar taku ashirin ta ɗauke ta rabin awa, nshima, tuwon masararsu, ta huce a tukunya ba wanda ya kula. Bayan an tashi, kawun ango, wanda shi ma yana taɓa jita, ya zo ya rusuna ya tambayi inda aka samo akwatin.

"Wurin wani ɗan damfara," in ji Ba Kalumba. "Kada ka kuskura ka je. Chisokone, layin masu rediyo, shago na huɗu a hannun dama, mai koren ƙofa. Ba ya buɗewa sai ƙarfe tara."