Fentin Da Na Yi Wa Ɗakin Inna

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni tela ce mai ɗan shago a wajen Tina Junction a nan Jos, bazawara, ina zaune da mahaifiyata a gidanmu na gado da ke hanyar Naraguta. Kakanmu ne ya gina shi zamanin da ya zo aikin kuza. Ginin ƙasa ne, daga baya aka bi shi da shafen siminti. Halina kuwa duk unguwa an sani, ba na iya ganin aiki a ajiye. Ɗinkin da za a karɓa jibi yau nake gama shi, har ina yi wa sauran teloli dariyar nawa.

Wata damina aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Magudanar bayan gidanmu ta toshe da leda da yashi, ruwan ya juyo ya shigo mana ta zaure. Ɗakin Inna ya fi ko'ina gangare, nan ya taru har gwiwa kafin mu kwashe shi da bokiti. Yayana da ke zaune a unguwar Abattoir ya zo ya tafi da ita gidansa, kuma tun a ranar ya ce ɗakin nan ya gama zamaninsa, a rushe shi a yi na bulo. Da na je gaishe da Inna sai ta riƙe hannuna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a ciki ta haife mu, a ciki mahaifinmu ya cika, ba ta son ta ƙarasa kwanakinta a wani wuri. Na yi mata alkawarin za ta koma, kuma ba da daɗewa ba.

Duk mutumin Jos ya san abin da muke yi in sanyi ya matsa ko wanki ya ƙi bushewa: a hura gawayi a kasko a jawo ƙofa. Haka na yi wa ɗakin. Na rufe taga, na toshe kafofi da ƙyallayen shagona, na yi ta zuba gawayi. Bayan 'yan kwanaki bango ya yi haske, na taɓa na ji ɗumi, na ce shi ke nan ya bushe. Mai fentin da na kira ya ce da an ɗan ƙara jira, na ce masa fenti na kira shi ya yi, ba wa'azi ba. Aka shafa shuɗi mai sheƙi, na shimfiɗa sabuwar leda a ƙasa, na ɗinka labule da hannuna. Inna ta dawo tana ta sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci a gaban yayana.

Ba a jima ba ɗakin ya soma wari irin na wankin da aka manta a bokiti. Fentin ya kumbura, in ka latsa sai ruwa ya fito. Inna ta kama tari, tana ɓoyewa don kada a sake fitar da ita. Ranar da na ja kabad ɗinta na ga bayansa baƙi ƙirin da fumfuna, simintin ya rabu da bango, ƙasar ciki ta yi laushi har yatsana yana nutsewa. Yayana ya zo ya gani. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi da zarar ruwa ya ɗauke zai turo masu rushewa. Na kewaya bayan gida na yi kuka sosai, don na san ni na ba shi hujja.

Allah ya kawo mana sauƙi ta hannun maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar asalin nan Filato mai noman dankalin Turawa, wadda suka shekara da shekaru suna aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti ita da Inna. Ta shigo duba mai tari, ta shaƙi ɗakin, ta dube ni ta yi dariya ta ce, "'Yata, kin dafa ɗakin ne, ba ki shanya shi ba. Ruwa yana ciki, kin rufe mishi hanya, ta ina zai fita?" Ta ce a ƙauyensu in bangon ƙasa ya sha ruwa iska ake ba shi da haƙuri. Sannan ta roƙi yayana ya bar wa ɗakin rani guda. Bai iya yi mata musu ba, don ta goya shi yana yaro.

Muka samo magini. Ya farfasa simintin daga ƙasa zuwa ƙugu, ya tokare inda ya yi rauni da katako, aka yaye ledar ƙasa, aka kankare fentina da na yi ta taƙama da shi. Taga da ƙofa suka zauna a buɗe, in an kawo wuta mu kunna fanka. Aka yashe magudana, aka ɗaga bakin zaure. Inna ta dawo ɗakina, ta sha maganin asibiti tarin ya lafa, kullum sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar nata ɗakin tana jan carbi tana gadinsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Maginin ya koya mini in manna 'yar leda a bango in bar ta ta kwana, in ta yi gumi to da saura. Na yi ta mannawa tana gumi, hannuna yana ƙaiƙayin aiki, Inna tana tsokanata wai yau an samu abin da ya fi ƙarfin saurina. Rani ya yi nisa kafin wata safiya ledar ta fito a bushe. Aka cike bangon da sabuwar ƙasa, aka shafe, aka bi shi da farar ƙasa kawai. Yayana ya zo ya ƙwanƙwasa shi sama da ƙasa, sannan ya kama gadon Inna ya ce in riƙe masa ɗaya gefen mu mayar mata ɗakinta.

'Yan uwa masu karatu, musamman mu da ke zaune a tsofaffin gidajen ƙasa, in ruwa ya shiga muku kada ku yarda da bushewar fuskar bango. Ku buɗe ko'ina, ku cire duk abin da ke riƙe danshi, kada ku rufe ɗaki da gawayi, don ko hayaƙinsa kaɗai yana kisa. Fenti ya zama na ƙarshe. Na koyi cewa son mutum ma yana iya sa ka cuce shi in ka haɗa da gaggawa. Yanzu haka da nake wannan rubutu ina jiyo Inna a ɗakinta suna hira da maƙwabciyarmu, kuma alhamdulillahi hankalina a kwance yake. Da an rushe ɗakin nan, kowa zai ce ambaliya ce ta ci shi, amma ni da har in mutu na san ba ruwan sama ne ya raba Inna da shi ba.